Shekarun Basharu

"Ɗaga hannunka," in ji sajan.

Basharu ya ɗaga na hagu, don na dama yana ɗaure da igiya. Sajan ya sa bakin kulki ya yaye masa riga, ya leƙa hammatarsa kamar mai taya rago, sannan ya waiwayi ɗan sandan da ke zaune bakin tebur da biro a hannu.

"Akwai gashi. Wannan ai ba yaro ba ne."

Gashin da yake faɗa ɗan tsiro ne da sai ka ƙura ido kafin ka gan shi. Ni Madina da nake ba ku labarin nan, ni na yi wa yaron wankan farko ranar da ya faɗo duniya, don katanga ɗaya ce tsakanin gidana da na uwarsa Tasalla a Gwandu. Tsawo kawai Allah ya ba shi irin na ubansa, amma fuskar ta yara ce, ga hawaye da majina sun bushe a kanta. Tun da sassafe wani karen mota ya kawo mana labarin an kama shi a kasuwar Kalgo yana tsiyayar gero daga buhun wani ɗan kasuwa. Ko karyawa ba mu yi ba, ni da Tasalla muka hau lori.

"Wace ce uwarsa a cikinku?"

Na nuna ta. Tasalla ta ja mayafi ta ƙara rufe fuska, ta zuba wa yatsun ƙafarta ido.

"Ke, ɗanki ne?"

Shiru.

"Shekarunsa nawa?"

Wanda ba a nan ya tashi ba zai ce taurin zuciya ne. Ba haka ba ne. Basharu ɗan fari ne, kuma a wajenmu mace mai kunya ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta cewa nata ne a gaban mutane, ba ta yabonsa, ba ta tsaya masa. Ƙari a kan haka, sunan uban mijinta aka sa masa. Tun da aka yanka ragon suna ban taɓa jin kalmar nan ta fita daga bakin Tasalla ba. In tana son a kira shi, sai ta leƙo ta katanga ta ce mini, "Madina, ina yaronki?"

Basharu ya dube ta. "Inna, hwaɗa musu mana."

Na ga leɓɓanta sun motsa. Na ga wuyanta ya haɗiyi wani abu. Da ƙyar, ba tare da ta ɗago ba, ta ce, "Madina ta sani."

Ni kuwa dama a cike nake. "Ranka shi daɗe, shekarar 'yancin kai anka haihe shi! Sha huɗu ke nan, ko wata biyu bai ɗora ba. A gabana anka yanke cibi!"

"Na tambaye ki?" Sajan ya buga kulkin a tebur. "Uwar da ta haifa ta yi shiru, ke 'yar rakiya ke ce mai baki?"

Mai biro ya ce, "Nawa za a sa, Oga?"

"Sa ashirin." Sai ya rage murya, amma kunnena ba na ado ba ne. "Ka san abin da aka ce daga sama. Ba a son ganin yara a rahoton bana."

Abin da ya fi ƙona mini rai har gobe shi ne, sajan ɗin nan ɗan ƙasa ne. Ya san shirun Tasalla sarai, a gidansu ma haka ake yi. Ya gane abin da ya gani, ya ɗauka ya yi amfani da shi. Da aka ja Basharu zuwa ɗakin baya bai dube ni ba, uwarsa ya yi ta waiwaye har aka turo ƙofa.

Ba zan ce yaron bai yi sata ba. Ya yi. Amma wanda ya ga shekarun farin nan ba zai yi saurin tofa masa yawu ba. Damina biyu a jere gero ya tsaya iya gwiwa ya ƙone. Rumbuna suka koma ɗakin ɓeraye, su ma ɓerayen suka watse. Ubansa Namadi ya tafi ci-rani kudu da alkawarin dawowa kafin shuka, daga nan ko saƙon gaisuwa ba a sake ji ba. Kakarsa Inno, wadda ta yaye shi ta riƙe shi a ɗakinta kamar yadda ake yi wa ɗan fari, ta kwanta ta rasu a cikin yunwar. Da aka binne ta, yaron ya rasa mai tsawata masa, ya rasa mai jawo shi jiki. Aka bar shi da uwar da ba ta iya haɗa ido da shi, da ƙanwarsa Hussaina wadda abokin tagwaicinta ya riga ya koma.

A lokacin ne manyan motoci suka fara yawa a hanya, suna ɗauko hatsi daga nesa zuwa kasuwanni. Yaran shiyyarmu suka bar makaranta suka koma tasha, wai dako suke yi. Wani karen mota da ake ce wa Albarka, wanda albarkar ta tsaya a sunansa, shi ya koya musu dabara. Sukan fere bakin gora ya yi tsini, su soka a gindin buhu yayin da ake sauke kaya, gero ya zubo cikin aljihun da suka ɗinka a cikin riga. Rabi nasa, rabi nasu.

Basharu yakan dawo da yamma ya juye abin da ya samo a cikin ƙwarya, ya ajiye a ƙofar ɗaki, ya fita. Tasalla ta ɗauka ta surfa. Ta san ba ladan dako ba ne. Wata rana ta leƙo ta katanga ta ce, "Madina, ki ce ma yaronki shi bar zuwa Kalgo." Na faɗa masa, har da jan kunne. Ya saurare ni da ladabi, sannan ya ce, "Inna Madina, in na bari mi Hussaina za ta ci?" Ni ma ranar ƙuli-ƙulin da nake sayarwa ne abincina. Ranar da aka kama su kuwa, Albarka ya haye bayan mota ya yi gaba.

Shari'ar ba ta kai tsawon sallar azahar ba. Alƙali ya dubi takarda, bai dubi yaron ba. Takarda ta ce mutum ne ɗan shekara ashirin, saboda haka aka yanke masa shekara biyu a gidan yari na can birni, tare da manya.

Bayan 'yan watanni, wata la'asar na fito da farantin ƙuli-ƙuli na iske maza zaune a ƙofar gidan Malam Siddiƙu, malamin firamaren da ya koyar da Basharu. Shi kaɗai ke da rediyo a shiyyarmu. Ina cikin miƙa wa wani ƙuli sai na ji mai karanta labarai yana cewa wani babban jami'i ya bayyana cewa laifuffukan ƙananan yara sun ragu ƙwarai a yankin nan bana, duk da matsin da ake ciki, kuma ya yaba wa iyaye bisa kyakkyawar tarbiyya.

"Madalla," in ji wani tsoho, yana gyaɗa kai.

Na dire farantin. "Madalla da mi? Ina Basharu? Ina Abu na gidan masaƙa? Ina ɗan Usman maƙeri da ko kaciyatai ba ta daɗe da warkewa ba? Aljanu sunka kwashe su?"

Malam Siddiƙu ya rage muryar rediyon. Mutum ne mai sanyin magana, irin wanda ko gobara ake yi sai ya gyara hula kafin ya ɗauko guga.

"Inna Madina, ba ƙarya sunka yi ba a lissahinsu. In an rubuta yaro, sai an kai shi gidan gyaran hali, can nesa, da mota da ɗan rakiya, kuma shi shiga cikin ƙidayar yara masu laihi, na sama su ga kamar aiki bai yi kyau ba. In an rubuta babba, shi ke nan, ya shige cikin manya, ba mai tambaya."

"To satar ta ragu ko ba ta ragu ba?"

"Satar ta ƙaru. Yaran na sunka ragu."

Da na shiga gida na leƙa ta katanga. Tasalla tana durƙushe gaban dutsen niƙa, hannunta a kan ɗan dutsen, ba ta niƙa komai. Ta ji duka, har da yabon da aka yi wa iyaye.

Tun daga lokacin tari ya kama ta. Da farko mun ce sanyi ne, muka dafa mata citta da kanumfari, muka karɓo rubutu. Tarin bai tafi ba. Ta rame har awarwaron hannunta yana zamewa zuwa gwiwar hannu. Duk da haka, da ta ji zan je birni saro gyaɗa, ta yini tana daka dakuwa, tana yi tana hutawa. Ta ƙulle a tsumma mai tsabta ta miƙo mini.

"Ki biya ki kai mai. Ki ce ke kinka yi."

Na biya. Aka fito da shi bakin wata taga mai ƙarafa. Kansa a aske ƙwal, ga wani tabo sabo a gefen gira, idanunsa kuwa sun daina tsayawa wuri ɗaya. Na miƙa ƙullin.

"Innarka ta aiko. Da hannunta tad daka."

"Wace Inna? Wadda ba ta san ni ba?"

"Kai, Basharu, ka san al'ada."

"Na sani. Na ɗauka ranar nan za ta bari." Ya yi wata dariya da ban san shi da ita ba. "Ɗakinmu akwai wanda yak kashe mutum, Inna Madina. Ƙahwahunai nika matsa mai kullum. Akwai wanda yak koya mani buɗe kwaɗo da waya. Ki ce mata ina karatu."

Kafin in buɗe baki wani ƙaton fursuna ya zo wucewa ta bayansa, ya zare ƙullin daga hannunsa ko tsayawa bai yi ba. Basharu bai ko juya ba. Wannan rashin juyawar ne ya sa na yi kuka a lori tun daga birni har Gwandu.

Ni ba na iya ɓoye magana, kowa ya san ni da haka. Na shiga ɗakin Tasalla na zayyana mata komai, har da ƙullin. Sannan na ce, "Kunyarki ta cinye maki ɗa, Tasalla. Kalma guda anka nema."

Na yi zaton za ta yi kuka ko ta kore ni. Sai ta jingina da bango ta daɗe tana numfashi.

"Shina jinjiri, wata rana nid ɗauke shi ina mai wasa, ban san Inno na bayana ba. Ta buge mani hannu da muciya gaban matan gida, ta ce ba a haihi marar kunya ba a zuri'arsu. Sati guda ana mani dariya. Tun ranar nan nid danne." Ta dafa ƙirjinta. "A Kalgo na buɗe baki, Madina. Wallahi na buɗe. Sunan na nan, ga shi nan a maƙoshi, harshe yaƙ ƙiya. Kina ganin akwai daren da ban koma ohis ɗin nan ba?"

Na jawo ta jikina, na ji ƙasusuwan bayanta a tafin hannuna.

Malam Siddiƙu ne ya nemo hanya. Ya yi ta zirga-zirga a kan kekensa har ya samo cewa in uwa ta tsaya gaban alƙali ta rantse a kan shekarar haihuwa, ana iya sake duba hukuncin, a fitar da yaron daga cikin manya, wataƙila ma a sallame shi. Ya tsaya daga zaure ya yi mata bayani.

"Amma hwa da bakinki za ki hwaɗi, gaban jama'a. Ki ce ɗanki na, ki ambaci sunanai. Ba a karɓar ta maƙwabciya."

Daga cikin ɗaki muryarta ta fito siririya. "Na ji, Malam. A sa rana."

Aka sa wata Laraba bayan girbi. A kwanakin da suka rage, nakan ji ta ta katanga tana maimaitawa ita kaɗai. "Ɗana na. Ni nih haihe shi. Sunanai..." Sai ta tsaya. Sai tari ya turnuƙe ta. Sai ta sake daga farko. Na taɓa ganin tsumman da take tofawa a ciki, ta yi sauri ta cusa shi ƙarƙashin tabarma, amma na riga na ga jini.

Ranar Laraba sai da muka ɗora ta a jaki zuwa tasha. Malam Siddiƙu ya roƙi direba ya ba ta gaban mota. Hussaina ta maƙale sai an tafi da ita, muka tafi da ita. Tasalla tana rungume da wani ƙunshi da ta ƙi bari kowa ya riƙe mata. Duk ramin da motar ta faɗa sai na ga ta runtse ido, amma ko wash ba ta ce ba.

Muka isa Kalgo da hantsi, muka iske ƙofar kotu a kulle da kwaɗo. Wani tsohon masinja yana zaune a benci ƙarƙashin bishiyar dogon yaro yana cin goro.

"Alƙali ya tahi rangadi. Sai Laraba ta sama, in Allah ya kai mu."

Malam Siddiƙu ya fito da takardar da aka ba shi, ya nuna ranar da aka rubuta. Masinja ya duba ta a juye, ya mayar masa. "Malam, ni tsaron ƙohwa anka ba ni."

Ni na fara faɗa, ban ma san abin da nake faɗa ba. Ina cikin haka na ji an saki hannuna. Tasalla ce, wadda tun daga tasha sai an tallafe ta, ta taka da ƙafafunta har gaban ƙofar nan. Ta kwance ƙunshin. Wani tsohon zane ne mai kore da fari, irin wanda aka buga shekarar 'yancin kai, ya koɗe, tsakiyarsa ta sille don goyo. Namadi ne ya sayo mata shi ranar suna. Ta ware shi da hannu biyu tana nuna wa ƙofar. Mayafinta ya zame ya faɗi ƙasa, ba ta ɗauka ba.

"Ni Tasalla matar Namadi, ta Gwandu," ta ce. Muryar ta fito da ƙarfin da ban san ta da shi ba. "Yaron da kunka kama ɗana na. Ni nih haihe shi, shekarar da anka buga wanga zane, da shi nig goya shi. Shekaratai sha huɗu sa'ad da kunka ɗauke shi. Sunanai Basharu."

Ta ja numfashi.

"Basharu! Ɗana na. Yaro na. Ku ba ni abina."

Masu awo a bakin kasuwa suka waiwayo. Wata mai tallan nono ta tsaya cak da ƙwarya a ka. Masinja ya miƙe tsaye, goron a hannunsa, ya rasa inda zai sa ido. Malam Siddiƙu ya juya baya yana goge fuska da hannun riga. Ƙofar tana nan a kulle, kwaɗon yana reto kaɗan don ta dafa shi.

"Baiwar Allah," in ji masinja a hankali, "ki yi haƙuri. Ki dawo Laraba ki hwaɗa ma alƙali haka."

Ta gyaɗa kai, sai ta sulale, muka tare ta kafin ta kai ƙasa.

A hanyar dawowa ta kwantar da kai a kafaɗata. Wajen da gonaki suka fara, ta ce, "Madina, ashe ba shi da nauyi." Na ce mene? Ta ce, "Sunan." Har da ɗan murmushi.

Ba ta ga Larabar ba. Ranar Litinin da safe na kai mata kunu ta kasa haɗiya. Ta sa na ninke zanen na ajiye a cikin tukunyar kayana, ta kama hannun Hussaina ta sa a nawa. Rana tana hawa katanga, kaji suna tono a tsakar gida, wata mata a maƙwabta tana daka. Na yi ta maimaita mata kalmar shahada tana bi da leɓe, har leɓen ya tsaya. Kafin azahar an kai ta.

Ranar Laraba ni da Malam Siddiƙu muka koma da zanen. Alƙali ya dawo, ƙofa a buɗe. Aka saurare mu da mutunci, aka yi mana ta'aziyya, sannan aka ce tunda mai shaida ta rasu babu abin da za a ɗora a kai. Na ce masinja ya ji ta. Aka ce masinja ba kotu ba ne. Na ɗaga zanen, aka ce zane ba ya rantsuwa. Muka fito.

Na aika wa Basharu labarin rasuwar ta bakin wani direba mai zuwa birni. Direban ya ce da ya faɗa masa, "To" kawai ya ce, ya koma ciki.

Sai da ya cika wa'adinsa cif. A tsakanin nan ruwa ya dawo, gero ya yi kyau, rediyon Malam Siddiƙu ya sake yaba wa iyaye. Damina ta karya rufin ɗakin Tasalla, kabewa ta haye bangon.

Wata yamma ina tankaɗe sai Hussaina ta shigo da gudu ta ɓoye a bayana, wai ga wani mutum a gidansu. Na leƙa. Yana tsaye a tsakar gidan yana kallon ɗakin da ya rufta. Kafaɗunsa sun buɗe, gashin baki ya fito. Yanzu kam in sajan ya ce ashirin ba mai musu, alhali sha shida yake.

Na zaga na same shi, ya gaishe ni a tsaye. Na yi masa ta'aziyya ya amsa kamar ana gaya masa farashin gishiri. Ya ce ba zama zai yi ba, akwai mota a tasha, wasu abokai suna jiransa. Ban tambayi irin abokan ba, na gan su a idonsa. Na ce ya jira ni. Na shiga ɗakina na buɗe tukunya na ɗauko zanen.

"Ta koma Kalgo," na ce. "Ta tsaya ƙohwar kotu, kai ba mayahi. Ta ce kai ɗanta na. Ta hwaɗi sunanka."

"Inna Madina, ki bari. Ba ni buƙatar a lallashe ni."

"Ka taɓa jin na yi ma wani ƙarya don shi ji daɗi?"

Hussaina ta fito daga bayana tana riƙe da gefen zanena.

"Yaya, ina wurin. Na jiya."

Ya dube ta, ya daɗe yana dubanta.

"Da ƙarhi?"

"Har masu awo sunka waigo," in ji ta.

Na miƙa masa zanen. Ya karɓa da hannu biyu, ya nemi wurin zama bai samu ba, sai ya zauna a kan tsohon turmin uwarsa da ke kife. Ya shimfiɗa zanen a cinyarsa, ya sa babban yatsa yana shafa wurin da ya sille.

"Yaya tac ce? Hwaɗa mani yadda tac ce."

Na faɗa masa tun daga farko, kalma bayan kalma, yadda na ji. Da na zo kan sunan muryata ta karye, don tawa ce, ba tata ba, kuma mu duka mun san haka.

Daga tasha aka danna ham, aka sake dannawa. Bai ɗago ba. Na ja Hussaina muka koma gida na hura wuta, na ƙara gari a kan wanda na auna. Da na leƙo ta katanga, rana ta yi ja, inuwar bangon ta rufe shi har kafaɗa. Yana nan a kan turmin, zanen a cinyarsa, leɓɓansa suna motsi a hankali, yana faɗin sunansa shi kaɗai.